Kafin a Zuba Dutse a Bakin Kogi

A jihar Ohayo ta ƙasar Amurka, tsakanin biranen Akron da Cleveland, akwai wata hanya da mota ba ta hawa. Ta masu tafiya a ƙasa ce, da masu keke, da masu sassarfa. A cikin gandun shaƙatawa na ƙasa da ke kwarin Kogin Cuyahoga tsawonta ya kai mil 20, wato kusan kilomita 32. Sama da mutum miliyan biyu ke ziyartar gandun a kowace shekara, kuma da yawansu wannan hanya ce ke kawo su. A wurare da dama kogin yana gudana daf da ita, shekara da shekaru yana cin gaɓarsa yana matsowa, har akwai inda abin da ya rage tsakanin ruwa da hanya bai wuce 'yan taku ba. Layin dogon da jirgin 'yan yawon buɗe ido ke bi ta kwarin shi ma bai tsira ba, don a 2023 sai da aka taƙaita zirga-zirgarsa saboda zaizayar ƙasa a gefen layin.

Kuɗin gyara ya samu. A watan Agustan 2020 aka sa hannu a kan wata doka da ta ware har dala biliyan 1.9 a shekara, tsawon shekara biyar, don gyara abubuwan da suka lalace a gandayen gwamnatin tarayya. Daga ciki aka ba wannan gandu kimanin dala miliyan 14 don a ƙarfafa gaɓar kogin a wurare takwas. Fili na gwamnati, kuɗi na gwamnati, hukumar da ke da aikin kuma ita ce aka ɗora wa kula da muhallin wurin tun asali. Duk da haka doka ba ta ba ta damar turo tifa ta juye dutse a cikin ruwan ba, sai wasu hukumomi daban, ta tarayya da ta jiha, sun duba sun amince.

Wani zai ce wannan ai ɓata lokaci ne. Gaɓa na zaftarewa, an zo tsayar da ita, ina abin neman izini a aikin alheri? Tambayar na bisa hanya, kuma ta cancanci amsa mai tsawo. A taƙaice dai, wanda ya taɓa gaɓa ya taɓa ruwa, ruwan kuwa wucewa zai yi wurin wasu mutane da wasu halittu waɗanda ba su cikin taron da aka yanke shawarar gyaran. Takardar izini ita ce ƙofar da aka bar musu su shigo cikin maganar.

Ita wannan hanya ba don shaƙatawa aka fara yin ta ba. A 1825 jihar Ohayo ta soma haƙa wata doguwar mashigar ruwa ta jiragen dakon kaya, mai tsawon mil 308, daga Tafkin Erie zuwa Kogin Ohayo. Sashen Akron zuwa Cleveland ya buɗe a 1827, aka kammala sauran a 1832. Jiragen ba su da inji. Alfadarai da dawakai ke jan su da igiya, suna tafe a kan wata turba a gefen ruwa. Jirgin ƙasa ya zo ya kashe wa mashigar kasuwa, ambaliyar watan Maris na 1913 ta ƙarasa ta. A 1974 aka mai da kwarin wurin shaƙatawa na ƙasa, a 1993 kuma aka buɗe tsohuwar turbar alfadaran bayan an gyara ta. Hanyar ke nan tana zaune a inda injiniyoyin kusan shekara ɗari biyu da suka wuce suka shimfiɗa ta, kuma darajarta a idon mutane tana tattare da zamanta a nan ɗin. Shi kuwa kogi bai taɓa zama wuri ɗaya ba.

Yadda kogi ke cin gaɓa

Duk wanda ya yi noman fadama ya san kogi ba ya cin gaɓoɓinsa biyu daidai wa daida. A inda ya yi kwana, ruwan ɓangaren waje ya fi gudu ya fi zurfi, na ɓangaren ciki kuwa a hankali yake tafiya yana sauke yashi. Ruwan sama-sama yakan karkata ya bugi gaɓar waje, ya nutse, ya biyo ta ƙasa zuwa ɓangaren ciki ɗauke da abin da ya kankaro, yana murɗawa yana yin gaba. Shi ya sa kwanar ke ƙara buɗewa shekara bayan shekara: gaɓar waje na ja da baya, ta ciki na tara sabon tudun yashi.

Daga gindi ɓarnar ke farawa, wurin da ke cikin ruwa ido ba ya gani. Sama na nan da ciyawarsa lafiya lau, mai keke ya wuce bai lura da komai ba, alhali an rarake ƙarƙashi. Kamar katangar ƙasa ce da damina ta cinye gindinta: tana tsaye har ranar da za ta kife gaba ɗaya. Sau da yawa kuma ba a tsakiyar ambaliya gaɓa ke faɗuwa ba, sai bayan ruwa ya janye. Lokacin da kogi ya cika, ƙasar gaɓa takan sha ruwa ta yi nauyi, amma ruwan kogin na tokare da ita. Idan ya sauka da sauri, tokarin ya tafi, nauyin na nan, ruwan da ƙasar ta sha kuma yana tsattsafowa yana tura ta waje. Sai ka ga an wayi gari wani yanki ya zame da bishiyarsa. A Ohayo akwai ƙarin wata matsala ta hunturu: ruwan da ke cikin ƙasa ya daskare ya kumbura, ya narke, ya sake daskarewa, har fuskar gaɓa ta saki ta zama gari.

Sai abin da ke faruwa can sama. Birnin Akron da garuruwan kewayensa cike suke da rufin gidaje da kwalta da filayen ajiye motoci. Ruwan da a da daji ke shanyewa ya sake shi a hankali cikin kwanaki, yanzu ta magudanai yake kwararowa cikin sa'o'i. Kogin yakan cika da sauri, ya sauka da sauri, wato daidai yanayin da ke karya gaɓa. Ruwa ba ya tsami banza. Zaftarewar da ake gani kusa da hanyar shaƙatawa, wani ɓangaren dalilinta yana can nesa a unguwannin da mazaunansu ba su taɓa ganin wurin ba.

Dole kuma a faɗi wani abu da masu gaggawar gyara kan manta. Ba kowace zaizaya ce cuta ba. Kogi mai lafiya yana buƙatar tsakuwar da yake samu daga gaɓa, don a kanta wasu kifaye ke zuba ƙwai. Bishiyar da ta faɗa ruwa takan zama mafakar ƙananan kifi. Akwai tsuntsayen da sai a jikin tsayayyar gaɓa suke haƙa ramin sheƙa. Idan aka ɗaure kogi daga tushe har bakin tafki, an kashe duk wannan. Don haka abin tambaya shi ne a ina za a tsayar da shi, da me, kuma wa zai ɗauki asarar.

Yanzu a dubi shi kansa gyaran. Hanya mafi sauƙi ita ce a jibga manyan duwatsu ko a zuba kankare tun daga gindin gaɓa har sama. Wurin zai tsaya, babu musu. Amma ƙarfin da ruwa ke kashewa wajen cin ƙasa da kokawa da saiwoyi bai ɓace ba. Sumul zai wuce ta jikin kankare da gudunsa, ya je ya sauke fushinsa a inda ginin ya ƙare, ko a gaɓar tsallake, ko ya haƙa ƙasan kogin har gindin ginin ya rasa madogara. Wani lokaci ruwan yakan zagaya ta bayan duwatsun ya bar su a tsakiyar kogi. Mutum ya tsare filinsa, ya aika wa maƙwabcinsa da matsalar, sau da yawa ba tare da ya sani ba.

Ga kuma lakar da aikin ke tayarwa. Katafila ta shiga ruwa, an kankare gaɓa tsirara, ruwan sama ya sauka a kanta kafin a rufe ta: cikin mako guda aiki ɗaya zai iya zubar da ƙasa mai yawan gaske. Laka ba guba ba ce, amma tana kisa. Takan toshe ƙofofin da ke tsakanin tsakuwa inda ƙwan kifi ke samun iska, ta binne ƙananan ƙwarin ruwa da kifi ke ci, ta lulluɓe halittu masu ɓawo da ke zaune a ƙasan kogi suna tace ruwa, waɗanda ba su iya gudu. Ruwan da ya dagule yana tare hasken rana daga tsirran ƙasa. Laka kuma ba ita kaɗai take tafiya ba. Sinadarin fosfaras, wanda manoma suka sani da harafin P a jikin buhun takin zamani, yana manne wa ƙwayar ƙasa ya bi ta duk inda za ta. Idan ya taru a tafki, gansakuka ta samu abinci. Mutanen Ohayo sun ɗanɗana wannan a watan Agustan 2014, lokacin da gubar gansakuka a yammacin Tafkin Erie ta hana kimanin mutum dubu 400 a birnin Toledo da kewayensa shan ruwan famfo kusan kwana uku. Kogin Maumee ne ya fi kai wancan fosfaras ɗin, ba Cuyahoga ba, amma tafki ɗaya duka biyun ke zubawa. A ƙara da inuwa: idan aka sare bishiyoyin bakin kogi don injuna su samu hanya, ruwa zai ƙara ɗumi, ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa sosai.

Takardu biyu

Dokar da ke tsare wannan ruwa tana da tarihi da shi kansa Kogin Cuyahoga. Ranar 22 ga Yunin 1969 mai da tarkacen da ke yawo a kan kogin a Cleveland suka kama da wuta. Ba ita ce gobarar farko ba, kuma ta 1952 ta fi ta ɓarna nesa ba kusa ba. Amma wannan karon labari ya zagaya ƙasa. Magajin garin, Carl Stokes, baƙar fata na farko da aka zaɓa ya shugabanci wani babban birni a Amurka, ya kwashi 'yan jarida washegari ya zagaya da su bakin kogin, yana nuna musu cewa birni ɗaya ba zai iya tsabtace ruwan da ke zuwa masa da dattin wasu garuruwa ba. A 1970 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A watan Oktoban 1972 majalisa ta zartar da Dokar Tsabtar Ruwa, duk da Shugaba Nixon ya ƙi sa mata hannu.

A cikin jerin abubuwan da dokar ta lissafa a matsayin masu gurɓata ruwa, har da dutse da yashi da lakar da aka yaso. Wannan shi ne ya jawo gyaran gaɓa ƙarƙashinta. Sashe na 404 ya ce duk wanda zai zuba ciko a cikin ruwan da dokar ta shafa sai ya samu izini daga Rundunar Injiniyoyin Sojan Amurka. Iyakar ikonsu a kogi ita ce layin da ruwa ya saba kaiwa idan ya cika, wanda ake ganewa a jikin gaɓa daga inda ciyawar tudu ta tsaya da inda tarkace ke maƙalewa. Abin da za a zuba ƙasa da wannan layi, nasu ne su duba.

Ba kowane aiki ne ke bin doguwar hanya ba. Akwai izinin gama-gari da ake sabuntawa duk shekara biyar don ayyukan da illarsu kaɗan ce, kuma mai lamba 13 daga cikinsu na ƙarfafa gaɓa ne. Yana da iyaka: kada tsawon aikin ya wuce ƙafa 500, kimanin mita 152, kuma a kowace ƙafa ɗaya ta tsawon gaɓa kada cikon da ke ƙasa da layin ruwa ya wuce abin da zai cika akwati mai yadi ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, sai idan babban injiniyan shiyya ya duba ya ɗaga ƙafa a rubuce. Ba a yarda a zuba fiye da abin da kare gaɓar ke buƙata ba, don kada wani ya fake da gyara ya ƙara wa filinsa faɗi a cikin kogi. Aikin da ya fi ƙarfin wannan sai ya nemi izini na kansa, a fitar da sanarwa, a ba jama'a kwanaki su kawo ƙorafi. A nan ake yi wa mai nema tambayoyi a jere, kuma jerin na da muhimmanci: shin akwai yadda za a yi a kauce wa taɓa ruwan gaba ɗaya? Idan babu, an rage taɓawar iyakar iyawa? Abin da ya rage na asara, da me za a rama shi?

Takarda ta biyu ita ce ta sashe na 401, kuma a ganina ita ce zuciyar lamarin. Kafin gwamnatin tarayya ta ba da izininta, sai jihar da ruwan ke cikinta ta ba da shaidar cewa aikin ba zai karya ƙa'idojinta na ingancin ruwa ba. Jiha na iya amincewa, ko ta amince da sharuɗɗa, ko ta ƙi, ko ta yafe haƙƙinta. Tana da wa'adin da ba zai wuce shekara ɗaya ba, idan ta yi shiru har ya cika, an ɗauka ta yafe. Idan ta ƙi, izinin tarayya ba ya fita. Idan ta gindaya sharaɗi, sharaɗin ya zama wani ɓangare na izinin tarayyar, karya shi karya doka ne. A Ohayo hukumar kare muhalli ta jiha ce ke da wannan aiki. Takan ba izinin gama-gari shaida a dunƙule tare da nata sharuɗɗan, amma tana da taswirar da ta ware rafuka masu daraja, inda ko ƙaramin aiki sai ya zo gabanta shi kaɗai.

Yadda Ohayo ke auna lafiyar kogi abin a tsaya a kansa ne. Ba kwalbar ruwa kawai ake kaiwa ɗakin gwaji ba, domin kwalba labarin sa'ar da aka ɗebe ta kaɗai take bayarwa. Tun 1990 jihar ta sa ma'aunin halittu a cikin ƙa'idojinta. Ma'aikata kan shiga kogi da na'urar lantarki mai sumar da kifi na ɗan lokaci, su ƙirga iri-iri, su duba masu ƙurji ko naƙasa, su mai da su ruwa. Sukan tattara ƙwarin da ke ƙarƙashin duwatsu su ma su ƙirga. Akwai irin da ba ya jure laka ko kaɗan, akwai mai rayuwa ko a kwata. Wanda aka samu da wanda aka rasa su ke faɗin abin da ya faru a kogin tsawon shekara. Da wannan ma'auni aka san cewa tsakanin Akron da Cleveland, inda a da kusan babu kifi, yanzu kogin na ɗauke da iri sama da 60. A 2019 aka cire takunkumin cin kifinsa daga jerin matsalolin da suka sa aka ware kogin a matsayin wuri mai buƙatar kulawa ta musamman, a 2020 kuma aka rushe madatsar Brecksville da ke cikin gandun don kifi ya samu hanya. Shekara hamsin aka yi ana wannan wahala. Ba abin da za a bari a ɓata ba ne don ɗan kwangila na sauri.

Sharuɗɗan da ake gindayawa ba ɓoyayyu ba ne. Dutsen da za a zuba ya zama mai tsabta, ban da fasasshen kwalta da tarkacen gini masu guba. Injuna su yi aiki daga tudu matuƙar zai yiwu, a ajiye man fetur da baƙin mai nesa da ruwa. A kewaye wurin aiki da labulen da ke yawo a kan ruwa yana tare laka. A dakatar da aiki cikin ruwa a watannin bazara da kifi ke zuba ƙwai. Ƙasar da aka buɗe a rufe ta da wuri, kuma da tsirran yankin, ba baƙin iri masu mamaye wuri ba. Idan filin da za a tona ya kai eka ɗaya, akwai wani izinin daban na kula da ruwan saman da zai wanke shi. Sare bishiya a Ohayo galibi tsakanin 1 ga Oktoba da 31 ga Maris ake yin sa, saboda wasu jemagu da ke dab da ƙarewa a duniya suna renon 'ya'yansu a ƙarƙashin ɓawon itace a watannin zafi. A wuri irin wannan kwari kuma, inda kufan mashigar 1827 ke kwance a gefen hanya, dokar adana kayan tarihi ta 1966 ita ma sai an bi ta kanta.

Ko wannan shaida ta jiha na da haƙori? Abin da ya faru a bakin wannan kogi ya isa amsa. Kimanin mil shida na ƙarshensa hanyar manyan jirage ce masu kai kaya masana'antar ƙarfe a Cleveland, kuma injiniyoyin soja ne ke yashe ta a kai a kai, domin lakar da ke gangarowa daga sama, har da ta gaɓoɓin da muke magana a kai, a nan take kwantawa. Rundunar ta ce lakar ta yi tsabtar da za a iya zubar da ita a tsakiyar Tafkin Erie, abin da ya fi araha. Hukumar jiha ta ce a'a, akwai ragowar sinadaran masana'antu da ake kira PCB a ciki, waɗanda ke taruwa a jikin kifi. Hukumar da ke ba kowa izini ita ma sai da shaidar jiha za ta yi aikinta, jihar kuwa ta ƙi yarda da zubarwa a tafki. A 2015 magana ta kai kotun tarayya, a 2017 kotu ta ba jiha gaskiya. Daga watan Yulin 2020 dokar Ohayo ta hana zubar da lakar yasa a buɗaɗɗen tafkin, sai a wasu 'yan yanayi da ta keɓe.

Gyaran da ya dace

Gyara mai kyau yakan raba gaɓa gida biyu. Gindi, inda ruwa ke dukan ƙasa dare da rana, dutse ake sa masa, a binne shi ya wuce zurfin da ake zaton ruwa zai haƙa, a kuma cusa bakinsa biyu cikin tudu don kada ruwa ya zagaya ta baya. Sama kuwa sai a kwantar da tsayuwarsa ya zama gangare, a shimfiɗa tabarmar zaren kwakwa mai ruɓewa a hankali, a kafa ɗanyun rassan itatuwan bakin ruwa irin su wilo, waɗanda ke fitar da saiwa daga reshe. Ana yanko su ne lokacin da itace ke barcin hunturu. Cikin shekara biyu zuwa uku saiwoyi sun saƙe ƙasar, rassan da suka tsiro kuma suna rage wa ambaliya gudu maimakon su ƙara mata. Wani wurin akan binne gungumen itace a jikin gaɓa a bar tushensa da saiwoyinsa cikin ruwa, ko a jera ƙananan shingayen dutse masu fuskantar inda ruwa ke fitowa don su karkatar da ƙarfinsa zuwa tsakiya. Dutse daga ranar da aka zuba shi yake fara tsufa, dashe kuwa kowace shekara ƙara ƙarfi yake yi, muddin an kula da shi a shekarun farko. Nan ne masu amfani da hanyar ke da nasu rabon. Shingen da aka kafa a wurin sabon dashe ba ado ba ne. 'Yar ƙaramar turbar da ƙafafu ke fitarwa zuwa bakin ruwa don ɗaukar hoto, ita ce ruwan sama zai bi ya fara sabon kwari.

Akwai kuma zaɓin da hukumomi ba su cika son ji ba: a matsar da hanyar, a bar wa kogi wurinsa. Layin dogo da kufan tarihi ba su matsuwa cikin sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma inda hanya ba ta da wani abin da ya ɗaure ta, ja da baya da 'yan mitoci kan fi araha, kuma ba a sake dawowa bayan shekara goma. Tambayar farko ta masu ba da izini, wato ko za a iya kauce wa ruwan, tana tilasta wa injiniya ya auna wannan zaɓi kafin ya yi odar dutse. Ko da wannan kaɗai tsarin ke yi, da ya biya kuɗinsa.

Masu kukan jinkiri suna da hujja, kada a raina ta. Duk watan da takarda ta yi a kan tebur, kogi na ci gaba da aikinsa, lakar da ake gudu tana zuba, farashin aiki na hawa. Idan lokacin sare bishiya ya wuce, ko na kafa rassa, an yi asarar shekara guda. Ƙaramin manomi da ba shi da kuɗin ɗaukar ƙwararru ya fi hukumar gandu jin wannan nauyi. Maganinsa a ƙara ma'aikata, a sauƙaƙa wa ƙananan ayyuka, a fara neman izini tun tazara na da saura. Akwai ma tanadin gaggawa idan rai ko dukiya na cikin haɗari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tunda dubawa na da wahala a daina dubawa.

Mu ma muna da gaɓoɓi, kuma ruwa hali ɗaya gare shi ko'ina. Wanda ya san bakin Kogin Kaduna ko Rima ko Haɗeja ya ga gonaki da gidaje da maƙabartu da ruwa ke ci. Ya kuma ga irin gyaran da ake yi idan hankali ya tashi: ɓaraguzan gini, tsofaffin tayoyi, buhunan yashi, da mafi muni, a mai da bakin kogi ko kwazazzabo juji da sunan ciko. Niyyar mai kyau ce. Amma shara ba ta riƙe ƙasa. Ruwan farko zai kwashe ta, ledarta ta toshe kwalbati, ruwan da ya tsattsafo daga cikinta ya gangara wurin masu lambu da masu wanki da makiyaya da yaran da ke wanka. A gefe guda kuma tifofi na ɗibar yashi daga gindin gaɓar da ake kukan tana zaftarewa.

Neman izini kafin a shiga ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Argungu ba a su a Matan Fada sai lokacin da aka buɗe, kuma Sarkin Ruwa na da ta cewa. A ɓangaren gwamnati, Najeriya na da dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli tun 1992, da hukumar NESREA tun 2007, sai dai idonsu ya fi kaiwa kan manyan kwangiloli. Aikin gayya na unguwa ba mai duba shi, don haka nauyin ya koma kan mai unguwa da dagaci da shugabannin ƙungiyar da ta tara kuɗin. Kafin tifa ta farko ta iso, a san abin da za a zuba, a san inda ruwan zai nufa idan an tare shi a nan, a kuma aika wa mutanen tsallake da na gangare su zo a yi maganar da su. Hukumomin raya kogunan Haɗeja da Jama'are a Kano, na Sakkwato da Rima a Sakkwato, da na yankin Tafkin Chadi a Maiduguri suna da injiniyoyin ruwa, haka ma ma'aikatun muhalli na jihohi, kuma a nemi shawararsu tun ana shiri. Aikin gindin gaɓa da rani ake yin sa, lokacin da ruwa ya ja. Jema da sauran ciyayi masu dogon saiwa a dasa su a jere a kan gangaren da farkon damina, a kuma killace wurin daga dabbobi har su kama ƙasa kafin ruwan Agusta.